Ranar da Warsiti Ta Ƙi Aron Kujera

Warsiti ta tare ƙofar ofishin jin daɗin jama'a da kwandonta, ta ce ba za ta matsa ba sai jami'ar ta bi ta gida. Tun safe take kan benci. Ko bakin kasuwar kifi, inda take sayar da shinkafa ƙunshe a ganyen ayaba, ba ta leƙa ba.

Jami'ar, wata matashiya mai suna Lestari, ta tuna mata cewa ai ta je gidan a watan jiya. Ta ga kujeru masu laushi da fanka, ta ga maigidan a jingine cikin rigar biki da baƙar hula yana ta barkwanci, kuma da bakinsa ya ce jiki da sauƙi.

"Kujerun na maƙwabciya ne, 'yata," in ji Warsiti. "Fankar ma haka. Har barkwancin na aro ne."

Lestari ta daɗe tana kallonta, sannan ta ɗauko makullin babur ɗinta.

Darsono, mijin Warsiti, keken fasinja mai ƙafa uku yake tuƙawa a garin Tegal kafin shanyewar ɓarin jiki ta kwantar da shi. Kwanciyar ta buɗe masa gyambo a ƙugu. A ƙaramin asibitin unguwa an ce nas za ta iya zuwa gida tana wanke shi, motar asibiti ma ta ɗauke shi kyauta, amma sai ofis ya sa shi cikin mabuƙata. A wancan zuwan, da unguwa ta ji baƙuwar gwamnati na tafe, kowa ya kawo abin da zai rufa wa gidan asiri. Asirin ya rufu, ofis kuwa ya ce ba su cancanta ba.

Da suka isa unguwar, suka ajiye babur a gefen masallaci saboda lungun bai ɗaukar abin hawa. Kustinah, maƙwabciyar, na hango su ta fito da kujera a ka.

"Mayar da ita, Yaya," in ji Warsiti.

"Ke, a ƙasa za ki zaunar da baƙuwa? Wa ya raine ki?"

"A ƙasa," in ji Warsiti, ta wuce.

Wari ne ya fara tarbar su a ɗakin. Darsono na kwance babu riga, sai tsohon zane. Da ya ga baƙuwa, ya ja zanen zuwa ƙirji da hannunsa mai lafiya, ya harari matarsa.

"Uwargida, haka ake yi? Ko hula ba ki sa mini ba."

Lestari ta durƙusa a kan siminti ta gaishe shi, ta tambayi jiki. Ya gyara murya, ya fara godiya ga Allah, kuma Warsiti ta san kalmar da za ta biyo baya. Tun da suka yi aure ba ta taɓa katse shi a gaban baƙo ba. Yau ta katse.

Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce ruwan gishirin da take wanke ciwon da shi ya daina yi, gyambon ya yi zurfi, tana ganin wani farin abu a ciki da ba ta san ko mene ne ba. Ta ce ba za ta yaye zanen ba sai da izininsa, don jikinsa ne.

"Amma in ka ce da sauƙi, Maigida, za ta tafi. Ni kuma gobe in koma in zauna musu a ƙofa, jibi ma haka, har ciwon ya cinye ka ina can a kan benci."

Ya kafa wa rufin kwano ido. Can ya ce rabin garin nan a bayansa suka zauna yana tuƙa su, ba wanda ya ga komai a bayan nan sai gumi. Yarinyar nan kuwa ya yi jika da ita.

"Baba," in ji Lestari a hankali, "abin da idona bai gani ba, ba ni da ikon cewa na gani."

Ana jin mai tallar kifi yana wucewa a lungu. Warsiti na tsaye, hannuwanta a sake.

"Ce wa Kustinah ta bar bakin taga," in ji Darsono. "Ina jin numfashinta."

Warsiti ta je ta rufe tagar. Da ta juyo, ta tarar ya kama ƙarfen gado da hannunsa mai lafiya, ya cije leɓe, yana jan jikinsa ya fuskanci bango.

"To, me kike jira? Zo ki kama ƙafar, ita ce ba ta jin maganata."