Turawa Biyu, Fadama Ɗaya

A ranin da ya biyo bayan babban fari, zamanin mulkin soja, Buba ɗan Arɗo Manu ya wayi gari ba shi da ko rabin garken da ya gada. Rugarsu tana kudu da dutsen Kwatarkwashi, kusa da wani ƙauyen manoma da ake kira Tungar Gawo. Ƙoramu sun ƙafe, tafkuna sun tsattsage. Duk yankin fadama ɗaya ce ta rage da ruwa, ita kuwa tana da tsohuwar magana a kanta.

Tun Buba yana yaro wani Bature ya zo bisa doki yana farautar shanun da ake ɓoye wa jangali. Arɗo Manu ya shige masa gaba, ya nuna masa rugagen da ke cikin daji. Tukuicinsa, Baturen ya ce fadamar ta shanu ce, ya sa aka tumɓuke rogo da raken mutanen Tunga. Bayan shekaru sai ga wani Baturen, shi kuma auduga ce a ransa, wadda za a loda wa jirgin ƙasa a Gusau. Ya jawo maigarin Tunga a jiki, ya ce a nome duk kewayen fadamar, har da burtalin da shanu ke bi su sha ruwa. Daga nan Turawa suka tattara suka koma gida. Da siyasa ta zo, ruga ta bi wannan jam'iyya, Tunga ta bi waccan, aka yi ta yi musu alkawari. Soja suka zo suka watsa taron.

Shekarun da ake samun damina ba wanda ya tada zancen. Shanun Buba ne ma suke kwana a gonar Tukur, wanda ya gaji ubansa a sarautar Tunga, su ci karmami su bar masa taki. Amma bana hatsi bai yi ba. Mutanen Tunga suka sauka fadama suka shuka albasa da tumatir, suka kewaye ta da ƙaya.

Buba ya sami Tukur a bakin shingen.

"Maigari, ko 'yar ƙofa a bar muna. Shanu na faɗuwa."

"Buba, ka ga rumbunanmu? Ba komai ciki. Albasar ga ita za mu ci."

"Bature ya ba babana wurin ga."

"Mu ma Bature ya ba mu," in ji Tukur. Bai ɗaga murya ba, bai kuma dubi Buba ba.

Buba ya je Tsafe wurin wani dattijo mai faɗa a ji, aka ce masa maganar ta fi ƙarfin nan. Surukinsa na Bungudu ya ba shi shawara ya nemi Malam Abdulsalami, wani ma'aikacin gwamnati da ke zaune a Damba, kusa da Gusau, wanda ubansa ya yi wa Turawa tafinta. Kafin ya tafi ya ja wa ɗansa Sule kunne: a tona rijiya cikin yashi a shayar da maruƙa, kada a kusanci shingen. Da safe ya tari motar Gusau a bakin titi.

Malam Abdulsalami ya karɓe shi a zaure, ya sa aka kawo masa ruwa, ya saurare shi har ya gama.

"Na san zancen," ya ce. "Mahaifina shi ya fassara wa Baturen farko, shi ya fassara wa na biyun. Duk sun faɗa da bakinsu. Na biyun bai tambayi abin da na farko ya ce ba."

"To, Malam, wa ke da gaskiya?"

"Ku duka. Abin da ya sa ba ta da magani ke nan." Ya gyara zama. "Bari in gaya maka abin da ba za a gaya maka a ofis ba. Da can ana jin maganarku saboda jangali. Yanzu ana batun soke shi. Gwamnati abinci take nema, idonta yana kan masu noman rani. Zan yi magana, amma kada ka sa rai."

Buba ya yi godiya ya fito. A tasha ya sayi goro don Tukur, yana tunanin ko za su sasanta tsakaninsu, a riƙa buɗe wa shanu hanya bayan la'asar.

Da ya sauka daga mota rana ta karkata. Tun daga nesa ya hango hayaƙi ta wajen ruga. Ya sheƙa da gudu, abin da ya daɗe bai yi ba. Wuta ta cinye bukkoki, sai toka da ƙoren nono da suka fashe. Matarsa Rakiya tana zaune a gindin wata bishiyar marke, mata sun kewaye ta.

Ita ta ba shi labari. Rijiyar yashin ta ƙafe da hantsi. Wata saniya mai ciki ta durƙushe. Sule ya kasa kallo, ya janye ƙayar da sandarsa ya tura shanu. Usman ɗan Tukur ya taso da gatari ya sari bijimin da ke gaba. Sule ya kai masa sanda a ka, sau ɗaya, Usman bai ƙara tashi ba. Mutanen Tunga suka fito suka cinna wa ruga wuta. 'Yan sanda sun zo sun tafi da Sule, kansa a fashe.

Washegari Buba ya je jana'iza. Ya tsaya can bayan sahu, ba wanda ya matsa masa wuri. Da aka watse, Tukur ya zo ya tsaya gabansa, idanunsa jajur.

"Allah ya jiƙan Usman," in ji Buba.

"Amin," in ji Tukur. "Ku tashi kafin Juma'a. Samarin nan ba ni iya riƙe su."

"Nan aka binne babana, Tukur."

"Ni ma yanzu na binne ɗana."

Aka tsare Sule a gidan yarin Gusau, daga baya ya sami ɗauri mai tsawo. Rakiya ta ce ba za ta yi nisa da inda aka kulle ɗanta ba, ta koma wurin danginta a Bungudu, inda za ta riƙa samun motar Gusau ranar ziyara. Buba ya kora abin da ya rage na shanunsa ya bi ta bayan 'Yankuzo, ya nufi dajin kudu, tare da matar Sule da 'ya'yanta. A hanya saniyar nan ta haihu, ɗan maraƙin bai zo da rai ba. Suka jira ta iya miƙewa, sannan suka ci gaba da tafiya.