Walimar Bankwana da Haladu

Idanun Haladu ne suka fara yin ruwan ɗorawa. Abokan ɗakinsa a unguwar Bin Omran ta Doha suka ce shawara ce, suka ɗura masa jiƙon sassaƙen da wani ya taho da shi daga Funtuwa. Abin da ya samu kawai gudawa. Da ya kai kansa asibiti, hoto ya nuna ƙari a wata tsoka da ke bayan tumbi, fankiriyas in ji likitoci. Aka saka masa ɗan bututu don ruwan madaciya ya samu hanya, aka tsakuro naman ƙarin da allura, aka ce ya jira sakamako.

Haladu direba ne, jira sana'arsa ce. Injiniya Umar Faruq ne bai iya jira ba. Shi ne shugaban ƙungiyar 'yan gida a Doha, mutum mai bala'in son a ce ya taimaka. Ya latsa waya, waya ta ce masa dajin fankiriyas ba ya barin mutum ya ga baɗi. Nan take ya yanke hukunci: Haladu gida zai koma, ya cika a gaban iyalinsa, a binne shi kusa da mahaifinsa kamar kowane ɗan mutunci. Bai tambayi mai ciwon ba. Wa ke shawara da gawa?

Jama'a suka fara sintirin neman yafiya. Har wanda bai taɓa gaishe shi ba ya zo yana matsar ido. Haladu yana kwance yana kallonsu, ya kama ɗaya yana auna takalminsa da ido.

Da sakamako ya fito, Dakta Ikhlas, wata 'yar Zariya, ta zaunar da shi.

"Malam Haladu, ba wancan dajin ba ne. Wasu ƙwayoyin jini ne da gidansu ɓargo, suka taru a nan suka yi ƙari. Da wuya ake ganin irinsa a wannan wurin. Ɓargonka da muka duba lafiya lau yake. Irin wannan yana jin gashi da na'ura ƙwarai, kuma za mu riƙa bibiyarka."

"To mutuwar fa, likita?"

"Tana nan, irin ta kowa. Kai dai ka riƙe iƙamarka ta zama a ƙasar nan da katin asibiti, kada ka yi fashin zuwa."

Daga asibiti ya wuce Aziziya, gidan Injiniya, inda aka shirya masa walimar bankwana. Falo ya cika, ga shinkafa da rago a faranti, ana tauna ana jimami. Haladu ya tsaya a tsakiya ya faɗi abin da likita ta ce.

Kowa ya daina tauna. Ka rantse abincin ne ya ce an zuba wa guba.

"Haladu, ka yi tawakkali," in ji Injiniya. "Haka likitoci ke yi, su kwantar wa mutum da hankali."

"Ranka ya daɗe, ita ta leƙa cikina. Kai me ka leƙa?"

Injiniya ya gyara hula. "Ai magana ta wuce nan. Na je da kaina wajen kafil ɗinka, maigidanka mai riƙe da takardunka, na roƙe shi ya sake ka saboda Allah. Ya soke iƙamar. Khalas, an gama. Har ya ɗauki wani direban."

Haladu ya dube shi tun daga hula har silifas. Babu iƙama, babu kati. Babu kati, babu gashi. Wannan mai digirin ya yi tattaki da ƙafarsa ya yi masa aikin da ciwon ya kasa yi, ga shi kuma yana jiran godiya.

"Saboda Allah ka yi, ko?"

"Wallahi, ɗan'uwa."

"To madalla. Albashinka ya kai ka ɗauki direba, kowa a falon nan ya sani. Gobe ka je ka cike takardu, kai ne kafil ɗina."

"Ai ni nake tuƙa kaina."

"Ka ci gaba da tuƙawa. Kai za ka riƙa kai ni asibitin ma, don an ce gashin na sa jiri."

Injiniya ya waiga yana neman mai ceto. Kowa ya sunkuya a kan farantinsa. Sun ji shi da kunnensu yana cewa ɗan'uwa.

Haladu ya samu kujerar da ta fi kowacce laushi ya zauna, ya miƙe ƙafa.

"A gaya wa Hajiyar gidan ba na cin maiƙo," ya ce. "Kuma ɗakin da za a ba ni ya zama na ƙasa."