Ƙofar Tsakani

A yi mini afuwa da na ɗauki alƙalami. Ban taɓa rubuta labari ba, karatu kawai na sani, kuma ko a aji aka ce in miƙe in yi magana muryata rawa take yi. Inda na yi tuntuɓe a ɗauke kai. Wannan ɗin ne dai ya ƙi barina in zauna lafiya.

Unguwar su Auta masaƙa ce ta gina ta, tun birni yana can nesa, sai mota ta wuce gonaki kafin ta iso. Gidajen ma'aikata ne, duk zubi ɗaya: ɗaki biyu da falo, ɗan fili a baya, katanga iya kafaɗa. Masaƙar ta mutu tun ba a haifi Auta ba, aka sayar wa kowa gidan da yake ciki. Daga nan birni ya yi ta rarrafowa har ya haɗiye gonakin, aka shimfiɗa babban titi ta bayan layinsu, dillalai suka fara sintiri da takalma masu ƙyalli suna cewa wuri ya yi daraja. Bishiyoyin da tsofaffi suka shuka don inuwa, yanzu su ake fara nuna wa mai saye.

Abin da ba a so mai saye ya gani shi ne ƙofofin tsakani. A da kowace katangar baya a layin tana da 'yar ƙofa. Mace takan shiga ta gidan farko ta ɓulla a na ƙarshe ba ta taka titi ba, da jariri a kafaɗa ko aron gishiri a tafin hannu. Amma duk wanda ya sayi gida, kafin ya shigo da kujera sai ya kira magini ya toshe ƙofar, ya ƙara wa katanga tsawo, ya ɗora mata waya. Haka aka bi su ɗaya bayan ɗaya, har ya rage guda tak, wadda ke tsakanin gidan su Auta da gidan Mai Keke.

Mai Keke tela ce a da, ƙawar Kaka, mahaifiyar baban Auta, tun ƙuruciya. Idon Kaka ya tafi, ƙafar Mai Keke ta tafi, don haka kullum da hantsi Kaka ce ke lalubar bango, ta kama igiyar shanya ta bi ta, ta ɗan ɗaga ƙofar langalangar don kada ta yi ƙara, ta shiga. A duk duniya wannan ce kaɗai tafiyar da take yi ba a riƙe ta ba.

"Gurguwa, kin kwana?"

"Na kwana, makauniya. Yau ma rigarki a juye take."

"Ke mai idon, ina ya kai ki? Kin je kasuwa?"

Auta takan zauna a gindin katanga da littafi a cinya tana jin su, shafi ɗaya sai ta wuni a kansa.

Wata rana ɗan Mai Keke ya zo da mota babba. Ya ce ba zai ƙara barin uwarsa ita kaɗai ba, garin da yake aiki za ta koma, gidan kuma ya ba dillali. Aka ɗauke ta a kan kujera kamar kayan tangaran. Da aka iso da ita bakin ƙofar gida Kaka ta laluba ta kama hannunta.

"In kin je kada ki zage su kamar yadda kike zagina. Su ba za su jure ba."

"To wa zai riƙa gaya miki rigarki a juye take?"

Babu wadda ta yi kuka, sai da motar ta sha kwana.

Kaka ba ta daina zuwa ba. Kullum da hantsi sai ta bi igiyar, ta ɗaga ƙofar, ta zauna a dakalin da babu kowa, ta daɗe, ta dawo. Mama ta ce a hana ta, Baba ya ce a ƙyale ta.

"Tafiya dai ta tafi," in ji Kaka. "Ni a bar mini ƙofata. In na tura na ji ta buɗe, na san ina gida."

Shi ma gidan su Auta ba a kan dutse yake zaune ba. Gado ne, Baffa ƙanin Baba yana da rabo a ciki, kuma ya daɗe yana matsa wa Baba a sayar. Ya ce yana da ɗaki a benen da yake zaune, Kaka ta koma can, kowa ya huta. Amsar Baba kullum ɗaya ce.

"Duk wanda ka kawo mini rushewa zai yi ya kafa bene. Ba zan miƙa wa mai guduma gidan mahaifinmu ba. Kawo wanda zai zauna a ciki yadda yake, sai mu yi magana."

Yana faɗin haka ne don ya san babu irin wannan mai saye a unguwar yanzu. Da wannan magana ɗaya ya tokare ƙofa shekara da shekaru, Kaka tana zaune a bayanta.

Masu kallon gidan Mai Keke suka yi ta zuwa. Wasu ko ɗakunan ba sa shiga, igiyar awo kawai suke ja daga katanga zuwa katanga. Auta tana jin su ta bayan bango. A littattafan da ta karanta, in abu ya kai maƙura sai wani ya miƙe ya faɗi gaskiya da kalmomi masu kyau, zuciyar mai ƙarfi ta yi laushi. Sai ta fara shirya kalmominta. Tana wanke-wanke tana maimaitawa, tana shara tana gyarawa, ba ta gaya wa kowa ba.

Ran nan da yamma tana kwashe shanya sai ta ji muryar dillali da ta wata mace. Ƙofar tsakani a buɗe take, Kaka ta manta ba ta ja ta ba. Matar ba ta zo da igiyar awo ba. Doguwa ce, mai magana a hankali, dillali yana ta kiranta Likita.

"Wannan kada ta dame ki, Likita," ya ce, yana bugun langalangar da mukullin motarsa. "Shirmen mutanen da ne. Bulo kaɗan, rabin yini, kin manta an taɓa yin ta."

Auta ta ji ƙafafunta sun kai ta bakin ƙofar, da kayan shanya rungume a ƙirji.

"Don Allah, ranki ya daɗe." Muryar ta fito siririya. "Kada a toshe."

"Ke, 'yar tabarau, manya na magana," in ji dillali.

"Bar ta," matar ta ce. "Me ya sa, ƙanwata?"

Duk abin da Auta ta shirya ya gudu. Sai ta faɗi yadda ta ji shi daga bakin tsofaffin biyu. Yadda wata rana tsaka, maza duk suna masaƙa, naƙuda ta kama Kaka ita kaɗai a tsakar gida, ƙofar waje a kulle. Yadda Mai Keke ta jiyo nishinta, ta kifa bokiti ta taka, ta haura katanga ta faɗo a kan gwiwa, da wannan gurɗaɗɗiyar gwiwar ta karɓi haihuwa, kuma tun daga ranar ƙafar ba ta koma daidai ba. Yadda washegari mijin Mai Keke ya zo da guduma, ya ce matarsa ba za ta ƙara haura katangar kowa ba, ya fasa nan wurin. Sauran mata suka gani, kowacce ta hana mijinta sakat, har layin ya zama gida ɗaya mai ɗakuna da yawa.

"Jaririn shi ne babana," ta ce. "Wannan ce ta farko. Ita kaɗai ta rage."

Matar ta matso jikin ƙofar. Ta shafa katakon da hannun Kaka ya goge har ya yi santsi, idonta ya ciko.

"Ba wanda zai taɓa ƙofar nan," ta ce. "Na yi miki alkawari."

Sai ta sunkuyar da kai ta ratso ta cikin ƙofar, ta tsaya a tsakar gidan su Auta. Ta dubi tagogi, ta dubi rufi, ta juya ta dubi gidan da ta baro, ta sake dubo wannan.

"Shi ma zubinsa ɗaya da wancan?"

"Tagwaye ne, Likita," dillali ya ce da sauri, fuskarsa ta washe kamar an kunna fitila.

Auta ba ta tsaya jin sauran ba. Ta ruga ɗakin Kaka, ta zube a gabanta.

"Kaka, ba za a toshe ba! Ta yi alkawari!"

Kaka ta sa ta maimaita komai daga farko. Da ta zo wurin da matar ta ratso, tsohuwar ta ɗaga hannu.

"Ta shigo nan?"

"Ta shigo."

"Ta tambayi ɗakuna?"

"Ta ce ko zubinsu ɗaya."

Kaka ta laluba ta dafa kan Auta, ta daɗe hannunta yana nan.

"Ruwa ba ya tsami banza," ta ce. "Tashi ki ninke kayan."

Ba a yi mako ba falon ya cika. Baffa ya zo da sabuwar riga, dillali ya zauna a bakin kujera yana kaɗa ƙafa, Likita ta durƙusa ta gaida Kaka kafin ta zauna. Mama ta ba Auta faranti ta kai shayi.

Likita ta yi bayani a natse. Ta daɗe tana neman wurin da za ta zauna a gefe guda, ta duba marasa lafiya a ɗaya gefen, ba sai ta fita titi ba. Ta zaga unguwanni ba ta samu ba, har ta haƙura za ta ɗauki gida ɗaya. Sai ga gida biyu da ƙofa a tsakani, yanzu duka biyun take so. Ba za ta rushe komai ba, ko bishiya ba za ta sare ba. Fenti kawai.

"To, Yaya," Baffa ya ce, "kai ka ce a kawo maka wanda zai zauna a ciki yadda yake. Ga ta Allah ya kawo. Ko akwai wata maganar kuma?"

Baba ya ɗago kai. Ya dubi mahaifiyarsa, ya dubi tafin hannunsa. Mutum ne da ba a taɓa jin ya yi magana biyu ba, kowa a falon ya san haka, Baffa ya fi kowa sani.

"Ni fa ban yi komai ba," dillali ya ce yana dariya, ya nuna Auta da cokalin shayi. "Ga wadda ta yi cinikin nan. Wallahi yarinyar nan ta fi ni iya dillanci. Ni ina cewa a toshe, ita ta buɗe baki sai ga gida biyu sun tafi."

"Ashe karatun yana da rana," in ji Baffa. "Auta, faɗi littafin da kike so, ni zan saya."

"Baba," Auta ta ce. "Ni ba haka nake..."

Muryar ba ta wuce bakin farantin ba. Baffa ya riga ya juya yana tambayar yaushe za a kira lauya.

"Can inda za ku kai ni," Kaka ta ce, "akwai hawa?"

"Kaɗan ne, Inna. Ga yara nan, za a riƙa riƙe ki."

"Za a riƙa riƙe ni."

Likita ta matso, ta kama hannunta da hannu biyu. Da gaske take, Auta ta gani a fuskarta, abin da ya fi ciwo ke nan.

"Kaka, gidanki ne har gobe. Duk ranar da kike so a kawo ki ki ga ƙofarki."

"Da wane idon, 'yar nan?"

Aka yi 'yar dariya, irin wadda ake yi don kada shiru ya yi yawa. Kaka ta zare hannunta ta mayar cinya. Rigarta a juye take, ba wanda ya gaya mata. Dillali ya fara lissafa abin da za a gyara a rufi, Baffa yana gyaɗa kai, Baba yana kallon ƙasa.

Auta ta ajiye farantin a hankali a bayan kujera. Ta bi jikin bango ta fita tsakar gida, ta kama igiyar shanya ta bi ta har ƙarshe. Ta ɗan ɗaga ƙofar yadda Kaka ke yi, ta ratsa, ta ja ta a bayanta. Ko ƙara ba ta yi ba.