Wanda Aka Fara Kira

"Kira za su yi, amma ba za su ba shi ba," in ji Adijatu maƙwabciyarsu, 'yar zangon Kumasi. "A garin nan ƙoda ta 'yan ƙasa ce, Mma Hajiya. Baƙo a kira shi a ɗebi jininsa, a ce khalas, shi ke nan, koma gida."

Ranar Juma'a ta faɗi haka, lokacin da ta kwaso mata da mazajensu suka zo duba Sunusi. Sun cika falon gidan da ke unguwar Matar Ƙadim, takunkumi a haɓa, ana addu'a ana tari ana shafawa. Haulat, matar Sunusi, ta raɗa wa surukarta cewa likita ya hana taro saboda korona. Hajiya Safiya ta ce ba a korar mai dubiya daga bakin ƙofa.

Maganar ƙodar ce ta tsaya mata. Ta yi rayuwarta tana koyarwa a Zariya, kuma ba ta taɓa yarda da zancen da kowa ya ji amma babu wanda ya gani ba. Ta tambayi Adijatu sunan mutum ɗaya da aka yi wa haka. Adijatu ta ce ai kowa ya sani.

Ranar Laraba da hantsi wayar Sunusi ta yi ƙara. Yana kwance, jiya aka yi masa wankin ƙoda. Ya saurara, ya miƙe zaune, ya ce, "Hajiya, an samu. Sun ce kada in ci komai, in taho yanzu."

Haulat ta fashe da kuka tana neman jakar da ta daɗe a shirye bayan ƙofa. Mutum ɗaya aka yarda ya raka shi, ga goyo a bayanta, don haka Hajiya ta ɗauki mayafi. Da an karɓa, da Hajiya ta ba da tata ƙodar tun bara, amma ciwon suga ya hana.

Suka shiga tasi. An toshe hanya saboda aikin gasar ƙwallon duniya, direban ya zagaya, Hajiya tana kallon agogon motar tana jan carbi. Sunusi ya share maƙogwaro sau biyu.

"Mene ne?"

"Sanyin mota ne, Hajiya."

A asibiti aka shige da shi, aka ɗebi jini, aka zura masa tsinken gwaji a hanci. Ita aka nuna mata kujera. Can gefe wata Balarabiya ce cikin baƙar abaya, tsararta, ta rungume jaka irin ta kwanan asibiti. To ga 'yan ƙasar nan, in ji zuciyar Hajiya.

Ta matsa, ta bar kujera ɗaya tsakaninsu, ta yi sallama. Larabcinta na karatu ne, matar ta yi murmushi da jin sa, suka koma Turanci.

"Ɗanki?" in ji matar.

"Ɗana. Naki fa?"

"Nawa ma. Amma mu na bayan layi ne. Sun gaya mana a waya, akwai wanda jininsa ya fi dacewa, mu zo dai ko da wani abu zai faru. An taɓa kiranmu haka, muka koma gida." Ta gyara jakar a cinyarta. "Naki ne na farkon ke nan. Allah ya ba shi lafiya."

Hajiya ta amsa da amin, ta rasa inda za ta sa idonta. Ta so ta kira Adijatu nan take. Sai ta tuna sharar maƙogwaron nan, da falon ranar Juma'a, ta mayar da wayar jaka.

Azahar ta wuce. Haulat ta kira ta kira, Hajiya tana cewa ana jira. Daga baya wata likita ta fito, ta tsaya nesa da ita fiye da yadda ake tsayawa. Ta yi bayani a hankali: gwajin ya nuna korona, maganin da ake bayarwa bayan dashe yana karya garkuwar jiki, ba za su iya yi masa ba. Sunansa yana nan a layi, in ya warke. Ita ma sai an gwada ta.

Ta ga wata ma'aikaciya ta nufi Balarabiyar. Matar ta miƙe, jakar ta faɗi, ta juyo ta dubi Hajiya, ta ɗora hannu a ƙirji. Hajiya ta ɗaga mata kai.

Tana zaune a ɗakin gwaji wayar ta yi ƙara. Adijatu ce, muryarta a shaƙe da mura.

"Haulat ta gaya min. Mma Hajiya, wa aka ba?"

"Ɗan wata 'yar ƙasa."

"Kin gani! Ban faɗa ba?"

"Sunusi aka fara kira," in ji Hajiya. "Nata ɗan jiran tsammani ya zo yi. Korona aka samu a jikin Sunusi, kuma tun watan jiya bai je ko'ina ba sai wajen wankin ƙoda da falonmu."