Fura a Gaban Suruki

Duk kasuwar shanu ta Kontagora an shaidi Khalilu dillali da abu ɗaya: ba ya wasa da maganin ciwon suga. Waɗansu su sha yau su manta gobe, shi kam ko ana ruwa ana iska sai ya haɗiyi ƙwayarsa. Sharaɗi ɗaya likita ya gindaya masa: in ya sha, ya ci abinci, in ba haka ba sugan ya faɗi ƙasa, shi ma ya bi shi.

Ranar da zai je rugar surukansa a wajen Kaboji ya ɗauko matarsa Hadijatu, da sassafe ya kora ƙwayar da ruwa, da niyyar ya tsaya ya sayi ƙosai a tasha. Ya tarar mai ƙosai ko wuta ba ta hura ba. Ya ce ba komai, ya ja babur ya wuce.

Surukinsa Baffa Zaidu ya shimfiɗa masa tabarma a inuwa. Aka kawo fura da nono a ƙwarya, aka ajiye. Tsoho kuwa ya gyara zama, ya shiga labarin damina da ciwon ƙafar shanu.

"Bismilla mana," in ji Baffa Zaidu.

"Alhamdu lillahi, Baffa, a ƙoshe nake."

Ƙarya ce tsagwaronta, amma ɗan mutunci ba ya cin abinci a gaban suruki, haka ya tashi ya tarar. Hantsi ya ɗaga. Gumi ya jiƙa masa riga. Ya san abin da ke zuwa, tsoro ya kama shi, amma kunya ta fi ƙarfin tsoron. Ƙwarya tana gabansa, yana jin ƙamshin furar. Tsoho ya tambaye shi kuɗin bijimi a kasuwa, ya buɗe baki harshe ya ƙi juyawa. Sai ya zube a gefe.

Hadijatu ta fito da gudu riƙe da zuma, ta ce da mahaifinta, "Baffa, ya sha magani bai ci komai ba ne."

Da idon Khalilu ya washe, sai ya ga kansa bisa cinyar surukinsa, ludayi a hannun tsoho, fura na bin gemunsa. Ya so ƙasa ta tsage ya shige.

Wata ya zagayo ya sake komawa rugar, ya sha ƙwayarsa kamar kullum. Aka kawo fura aka ajiye. Baffa Zaidu ya miƙe, ya saɓa sandarsa, ya ce bari ya je ya duba shanu.

Shanun kuwa tun asuba suka tafi kiwo.