Uwar Chun-hwa Ba Ta Ji Bishara Ba

Shekara bakwai Ri Chun-hwa ta yi a cocinmu. Daga Koriya ta Arewa ta gudo, ta taka kogi da ƙafa lokacin da ya daskare, ta sha wahala a China kafin Allah ya kawo ta nan Kudu, garinmu na bakin teku. Fasto Gil ne ya yi mata baftisma. Tun daga nan, duk sanda muka yi baƙi daga Seoul, ita ake tsayarwa ta ba da shaida: yunwar da suka sha, ɓawon itacen da suka dafa, yadda Yesu ya cece ta. Mata su yi ta share hawaye, Fasto ya ɗaga hannunta ya ce, "Ga 'yar'uwarmu!"

Ni da ita muke girka abincin da ake ci bayan sujada. "Yaya" take ce mini.

Ranar da matan coci suka taru yin kimci na shekara, wato kabejin da muke tsumawa mu adana, muna tsugune muna shafa wa kabeji yaji, ta matso kusa da ni.

"Yaya, ran Asabar uwata za ta cika shekara ashirin da rasuwa. Ina so a yi mata sujadar tunawa a gidana, irin wadda aka yi wa mahaifinki."

Kafin in buɗe baki, Mama Yun, matar babban dattijon ikkilisiya, ta juyo.

"Uwar taki ta karɓi Yesu?"

"Ina za ta ji sunansa, Mama? A ƙauyenmu, in aka ga Littafi Mai Tsarki a hannunka, kai da danginka kun tafi ke nan."

"To, ai kin ji. Ba ni na rubuta ba. Babu ceto sai ta wurinsa. Me za mu rera a kan wadda ta riga ta isa inda ta isa?"

Chun-hwa ta dubi jajayen hannuwanta.

"Rabonta na masara take ba ni, ta ce ita ta ƙoshi. Haka ta yi ta yi har ta mutu."

"Halin kirki ba ya ceton kowa, 'yata. Miƙo mini gishirin nan."

Ta miƙa mata. Mu ashirin da wani abu ne a wurin, kowacce ta ci gaba da shafa yajinta. Har da ni.

Da ta je wurin Fasto, ya ce al'amarin yana da zurfi, Allah ne masani, kuma zai zo in ya sami hali. Ni kuwa na riƙe hannunta a bakin ƙofa na ce, "Ko kowa bai zo ba, ni zan zo."

Sai ga shi a wannan Asabar ɗin ne jikan Mama Yun ya cika shekara ɗaya. Coci gaba ɗaya ya tafi bikin. Na ce bari in leƙa in gaisa in wuce. Mama Yun ta zaunar da ni a teburinta, abin da ba ta taɓa yi ba. Da sha biyu ta yi na miƙe zan tafi gidan Chun-hwa, ta kama mini gefen riga.

"Ina zuwa, Maman Min-ji? Ko namanmu ne bai yi miki ba?"

Aka yi dariya. Na koma na zauna. Fasto ya yi wa jaririn addu'a mai tsawo.

Sai ƙarfe huɗu na isa gidan Chun-hwa. Ta jera tebur biyu da ta aro a maƙwabta, abincin mutum ashirin a kai, duk ya huce. Ba ta da hoton uwarta, don haka ta rubuta sunanta a takarda ta jingina da bango.

"Ki yafe mini," na ce. "Riƙe ni aka yi."

"Na sani, Yaya. Na rera waƙa uku, na karanta zabura. Da na zo addu'a sai na rasa abin da zan roƙa. In ce ya cece ta? An ce mini ƙofa ta rufe. In gode masa? Ya cece ni da masarar bakinta, ita ya bar ta?"

Ta zuba mini abinci a roba ta ce in kai wa yara.

Kashegari muna da baƙi, mota biyu cike. Fasto ya kira ta kamar kullum. Ta hau, ta daɗe tana kallonmu.

"Kun sha jin yadda na tsira," ta ce. "Yau sunan wadda ta ciyar da ni kawai zan faɗa muku. Han Ok-nyo. Ba ta taɓa jin bishara ba. Ku da kuka ji, jiya na dafa muku abinci."

Ta sauko. Fasto ya yi wa mai piyano alama, aka tashi da waƙar ƙaunar 'yan'uwa. Tana ratsa tsakiyarmu har ƙofa muna rerawa.

Ba ta sake zuwa ba. Mama Yun ta ce dama 'yan Arewa ba su san godiya ba. Kafin bazara an samo wani mutum daga wani gari, shi ma ɗan Arewa, mai labarin da ya fi nata sa kuka.

Yanzu tana aiki a kasuwar kifi. Na je sau biyu. Tana gaishe ni da ladabi, ta zaɓo mini mai kyau, ta ce, "Sai an jima, Maman Min-ji." Na ji an ce har yanzu tana karanta Littafinta, amma ba ta shiga cocin kowa.