Lissafin da Luba Ta Yi a Hannunta

Lokacin da bakin mutane bai gama sabawa da sunan Suleja ba, tsofaffi na ta cewa Abuja, akwai wani malamin lissafi a wata firamare da ke bayan kasuwa, ana ce masa Mista Onwuka. Mutum ne mai saurin fushi da saurin hucewa, kuma yana da ra'ayi guda da ba ya sauka daga kai: yaron da ya bi hanya daidai ya yi tuntuɓe a ƙarshe, a ba shi makin hanyarsa. Hedimasta Malam Bamalli kuwa ko jin wannan zance ba ya so.

Ran nan aka yi wa 'yan ajin ƙarshe gwajin tace waɗanda za a tura jarrabawar shiga sakandare. Yara na fita hutun tara, Mista Onwuka ya zauna da jan biro. Da ya zo kan takardar Luba sai ya dakata. Yarinyar da ta fi kowa kai a ajin, ga takardarta fes, amsoshi kawai a jere, babu aiki ko layi ɗaya. Wasu sun kauce da ɗan kaɗan, kuma kaucewar ta isa ta hana ta tafiya.

Ya sa aka kira ta. "Luba, ina aikinki? Daga sama amsar ta faɗo?"

Ta sunkuyar da kai, ta miƙo hannun hagu. Daga wuyan hannu har gwiwar hannu lambobi ne farare, an karce su da tsinken tsintsiya a kan busasshiyar fata. Haka yaran unguwarsu ke yi don kada littafi ya ƙare da wuri.

"Malam," ta ce, "Inna ta ce abin da za a miƙa wa babba ba a miƙa shi da ƙazanta."

Haushi da tausayi suka kama shi. Ya duba hannun. Hanya daidai take tsaf, ɗayan da ta ara ne take mantawa a ƙarshe.

"Kada ki taɓa hannun nan! Biyo ni."

Ya bar ta a bakin ofis, ya shiga ya zayyana wa Hedimasta komai. Malam Bamalli ya girgiza kai.

"Mista, tela ya ɗinka maka riga hannu ɗaya ya fi ɗaya tsawo, za ka sa ta don ya iya zura zare?"

"Ba zan sa ba, ranka ya daɗe, amma ba zan ce ya bar ɗinki ba. Yarinyar nan ajin ƙarshe take, ba ta da baɗi."

"To, shigo da ita in gani."

Luba ta shigo ta durƙusa, ta miƙa hannu. Sumul, har da sauran danshi. Ashe tana tsaye a waje kunya ta kama ta, ta ga ba za ta iya nuna wa Hedimasta hannu furu-furu ba, ta kamfaci ruwa a randar bakin ƙofa ta wanke. Mista Onwuka ya ji kamar ya zauna a ƙasa ya yi kuka.

Malam Bamalli ya daɗe yana kallonta. Can ya zaro takarda ya ajiye a gabanta.

"Zauna nan, 'yata. Sake yin lissafin nan, ki rubuta komai. Ɓata takardar, ni na sa ki."

Ta yi, ta cika takardar har gefe. Da ta zo ƙarshe, baiwar Allah, sai ta sake manta ɗayan da ta ara. Mista Onwuka ya dafe kai.

Hedimasta ya gyara tabarau, ya bi aikin da yatsa layi-layi, bai tsallake ko ɗaya ba. Sannan ya miƙa hannu ya karɓi jan biron.

"Amsar dai ba daidai ba ce, Mista," in ji shi, "kada ka je kana cewa na yarda da kai."

Yana faɗa yana ba kowane layi makinsa. Da ya gama tarawa, ya ce wa Luba ta je ta fara shirin jarrabawa.